Yadda ake gasa burodin dankali irin na mutanen Amish

A wannan makon kicin muka nufa, kuma 'yan'uwanmu maza kada ku yi saurin juya shafi, domin ku ne kuka fi kowa cin burodi. Duk wanda ya taɓa zaman ɗakin kwanan ɗalibai ya san matsayin burodi a wurinmu. Shi ne karin kumallo, shi ne abokin shayi a daren jarrabawa, shi ne kuma mai rufa asiri idan wata ya yi nisa kuma ba a turo komai daga gida ba. Sai dai burodin da muke saye yanzu kullum ƙanƙancewa yake yi, kuɗinsa kuwa sama yake yi. Wani idan ka matse shi a hannu sai ya koma kamar auduga, iska ce kawai a ciki. Wani kuma da ya kwana biyu sai ya bushe yana marmashewa, sai an tsoma shi a shayi kafin ya haɗiyu.

Akwai wani burodi da ake yi a karkarar Amurka wanda ake kwaɓa shi da dafaffen dankalin Turawa, ana kiransa burodin mutanen Amish. Abu biyu ne suka ja hankalinmu gare shi. Yana iya yin kwana uku zuwa huɗu da laushinsa ba tare da an zuba masa wani sinadari na kamfani ba. Sannan masu shi mutane ne da ba su jawo wutar lantarki gidajensu ba, wato ba su san "an ɗauke" ba, ba su san "an kawo" ba. Girkin da aka saba yinsa babu injin kwaɓi, babu tanderun lantarki, ai kamar don mu aka tsara shi.

Mutanen Amish Kiristoci ne, asalinsu daga Turai. Tushensu yana komawa ga wata tafiya ta addini da ta ɓullo a birnin Zurich na ƙasar Siwizalan a 1525, ta mutanen da suka ce ba za a yi wa jariri baftisma ba, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Hukumomin wancan zamani ba su ɗauki maganar da wasa ba, an ɗaure wasu, an kori wasu, an kashe wasu. A 1693 wani jagoransu mai suna Jakob Ammann ya ware da mabiyansa saboda yana ganin an fara sakaci da tsarin, kuma daga sunansa aka samo kalmar Amish. A ƙarni na 18 suka fara ƙetara teku zuwa Fensilbeniya, yankin da William Penn ya kafa bisa sharaɗin kowa ya yi addininsa. Yau babu sauran jama'arsu a Turai. Mafi yawansu suna jihohin Fensilbeniya da Ohayo da Indiyana, kuma gundumar Lancaster ce ta fi shahara da su. Yawansu ya kai wajen dubu 400, yana kuma ninkawa kusan duk shekara 20, saboda suna haihuwa sosai kuma yawancin 'ya'yansu ba sa barin tsarin. A gida wani karin harshe na Jamusanci suke yi, Turanci sai a makaranta da kasuwa.

A keken doki suke tafiya. Ba wai sun ɗauki lantarki a matsayin zunubi ba ne, abin da suke gudu shi ne wayar da za ta haɗa gidansu da duniyar waje, ta shigo musu da talabijin da sauran abin da zai raba hankalin iyali. Don haka da itace ko kananzir ko gas suke girki, firij ɗinsu ma da yawa da gas yake aiki, wasu kuma sun karɓi sola. Kowace unguwa da iyakar abin da dattawanta suka yarda da shi.

Galibinsu ba sa gina coci. A gidajen juna suke taruwa don ibada, Lahadi ɗaya a yi, Lahadi ɗaya a tsallake, kuma abin yana zagayawa gida-gida. Idan layi ya zo kanka, mutum ɗari ko fiye ne za su cika maka gida, bayan an tashi kuma dole a ci abinci. Abincin ba mai wahala ba ne: burodi da abin shafawa da cuku da kayan lambu da aka jiƙa a ruwan tsami, sai kofi. Tunda kuma ba sa aiki ranar Lahadi, tun kafin ranar ake gasa burodin. A nan za a gane darajar burodin da ba ya saurin bushewa a wurin uwar gida mai 'ya'ya bakwai da baƙi ɗari.

Wani abu game da su da bai kamata filin ɗalibai ya tsallake ba shi ne, yaransu a aji takwas suke ajiye karatu, suna da shekara 14 ko kusa da haka. Har gaban Kotun Ƙolin Amurka maganar ta je, kuma a 1972 kotun ta ba su gaskiya a shari'ar da ake kira Wisconsin da Yoder. Wannan kam ba mu yi sha'awarsa ba ko kaɗan, musamman mu da har yanzu ake fama a yankinmu kafin a bar yarinya ta gama sakandare. Abin da ya burge mu kawai shi ne yadda yaro ɗan shekara 15 a cikinsu ya iya kafinta ko noma, yarinya kuma ta iya ɗinki da gashin burodin da za a ajiye a bakin titi a sayar. Mu kuwa akwai ɗan aji uku a jami'a da idan mai shayi bai fito ba, to ranar azumi ya kama shi.

Ya kamata a sani cewa ba su suka ƙirƙiro burodin dankali ba, kuma ba duk girkin da aka liƙa wa sunan Amish ne ya fito daga kicin ɗinsu ba. A Amurka sunan yana sayar da kaya, kamar yadda a nan kowane mai kilishi zai ce maka nasa ne na asali. Shi dankalin daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ya fito, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, kuma an daɗe Turawa suna ƙyamarsa. Sai da sarakuna suka sa baki, irin su Frederick na Prussia da ya ba da umarnin a noma shi a 1756. A shekarun da alkama ta yi ƙaranci, matan ƙauyukan Jamus sukan haɗa fulawa da dafaffen dankali don ta auka. Daga baya aka lura burodin wahala ya fi na wadata laushi, sai abin ya zauna ko da alkama ta samu. Jamusawan da suka zauna a Fensilbeniya, Amish da danginsu Mennonite da sauransu, sun riƙe wannan girki. Akwai ma wani kamfani a garin Chambersburg mai suna Martin's da wasu ma'aurata suka fara a 1955, wanda ƙananan burodinsa na dankali suka zama abin da manyan gidajen abinci ke amfani da shi a Amurka.

To me dankali yake yi a cikin burodi? 'Yan ajin kimiyya ku matso. Abin da ke sa burodi ya tsufa ba bushewa kaɗai ba ce. Lokacin gashi, sitacin fulawa yana shan ruwa ya kumbura ya yi laushi. Da burodin ya huce, sai sitacin ya fara komawa yana ɗaurewa a hankali, yana sakin ruwan da ya sha, shi ya sa ko a leda ka ƙulle burodi zai yi tauri. Shi kuwa sitacin dankali ƙwayoyinsa sun fi na alkama girma, sun fi riƙe ruwa, kuma tunda an riga an dafa shi, da ruwansa yake shiga kwaɓin. Yana shiga tsakanin sitacin alkama ya rage masa saurin ɗaurewa. Bayan haka dankali yana da sinadarin fotasiyam da sauran abin da yis ke so, shi ya sa kwaɓin da aka yi da ruwan dankali yake saurin tashi. Abin da dankali ba shi da shi shi ne danƙon nan na alkama da ake kira guluten, wanda shi ne ragar da ke riƙe iska a cikin kwaɓi. Saboda haka akwai iyaka. Idan aka ce tunda dankali yana da kyau bari a cika, tuwo za a gasa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne dankali ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin fulawa.

Wannan maganar laushi ba ƙarama ba ce, domin saboda ita wasu masu gidajen burodi suke zuba sinadarin buromet don burodi ya kumbura ya yi kyan gani, alhali hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta shi saboda haɗarinsa ga lafiya. Ba mu ce kowa na yi ba. Amma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido, wanda ya kwaɓa da hannunsa kuwa ya san abin da ya zuba.

Dankalin da ake nufi shi ne na Turawa, irin wanda ake kawo mana daga Filato, daga su Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Dankalin Hausa ma yana yi, amma wani burodi ne daban zai fito, ya fi zaƙi kuma ya fi nauyi, sai an rage sukari. A zaɓi wanda bai yi tsiro ba. Duk inda fatarsa ta yi kore a yanke a zubar, domin akwai guba a wurin kuma dahuwa ba ta kashe ta. Idan koren ya yi yawa a haƙura da shi gaba ɗaya.

Ga kayan haɗin da za su ba da manyan burodi biyu, ko madaidaita uku. Kofin da muke nufi shi ne mai cin mililita 240, wato madaidaicin kofin shayi. Ana buƙatar fulawa kilo ɗaya, wajen kofi takwas ke nan, dafaffen dankali da aka dame kofi ɗaya, wanda madaidaitan dankali biyu ko uku za su bayar, ruwan da aka dafa dankalin kofi ɗaya, madara kashi uku cikin huɗu na kofi, ko ta gari ce aka dama ta yi, sukari rabin kofi, bota giram 100, ƙwai biyu, gishiri ƙaramin cokali biyu da rabi, sai yis babban cokali ɗaya. A tsofaffin girke-girken Amish za a riƙa cin karo da kitsen alade a gurbin bota, domin suna kiwonsa. Wannan ba namu ba ne, kuma burodin bai rasa komai idan aka sa bota. Man gyaɗa rabin kofi ma yana yi, har ya fi sa shi laushi, ƙamshin ne dai ba zai kai ba. Masu man shanu a gida su soya shi su gwada, amma su rage yawansa don kada ya danne komai.

A fere dankali a yanka ƙanana, a dafa a ruwa zalla ba gishiri har sai cokali ya ratsa shi ba tare da an danna ba. Kada a zubar da ruwan. A tsiyaye kofi ɗaya a ajiye, sannan a dame dankalin tun da zafinsa, da bayan ludayi ko muciya, har ya zama babu gudaji ko ɗaya. Wanda yake so ya yi sumul sosai ya tura shi ta rariya. Ba ma ba da shawarar a sa shi a injin markaɗe, domin yana mayar da shi kamar gam. Tun yana da ɗumi a zuba bota a ciki ta narke, a zuba sukari da madara, a juya.

Yanzu sai haƙuri, a bar komai ya huce. Yis abu ne mai rai, zafin da ya kai digiri 60 yana kashe shi, kuma tun kafin nan ya fara galabaita. Abin da yake so shi ne ɗumin jiki, irin na ruwan wankan jariri. A ɗiga ruwan dankalin a bayan hannu, idan ba a ji zafi ba kuma ba a ji sanyi ba, ya yi. A zuba yis a ciki da ɗan sukari kaɗan a bar shi minti goma. Idan ya yi kumfa a sama, yana da rai. Idan ya zauna shiru kamar ruwan randa, to ya mutu, a sayo wani. Gara a yi asarar yis da a yi asarar kilo guda na fulawa. Wannan gwajin yana da muhimmanci a wurinmu saboda yis ɗin da ake ƙullawa a leda a kasuwa ba a san tun yaushe yake shan rana ba.

A haɗa ruwan yis da damammen dankali, a fasa ƙwai a kaɗa, sannan a fara zuba fulawa da gishiri kaɗan-kaɗan ana juyawa. A rage kofi ɗaya na fulawar a gefe, kada a juye duka, domin wani dankalin ya fi wani ruwa, wata fulawar kuma ta fi wata sha. Idan muciya ta kasa juyawa, sai a juye a kan tebur mai tsabta ko babban faranti a koma hannu.

Nan ne wurin da yawancin masu koyo suke ɓata burodin nan. Kwaɓin dankali yana da danƙo, yana kama hannu, kuma zuciya za ta riƙa cewa a ƙara fulawa. Kada a biye mata. Duk fulawar da aka ƙara ba bisa ƙa'ida ba, laushin da aka sa dankali dominsa ake ragewa. A shafa ɗan mai a tafin hannu da kan tebur, a tura kwaɓin gaba da gindin tafi, a naɗo shi, a juya, a sake turawa. Minti biyar na farko za a ga kamar abin ba zai haɗu ba. Daga minti takwas zuwa sha biyu sai ya fara sakin hannu da kansa, ya yi santsi, idan an danna ya dawo. Don a tabbatar, a gutsuri kaɗan a ja shi a hankali tsakanin yatsu. Idan ya miƙe ya yi siriri har ana hango haske ta cikinsa bai yage ba, ya yi. Idan ya tsinke nan take, da sauran aiki. Wanda ya gaji ya rufe kwaɓin ya huta minti goma, idan ya dawo zai tarar ya fi sauƙin sarrafawa. Duk wadda ta taɓa buga kwaɓin alkaki ko funkaso ba za ta ga wani abin tsoro a nan ba.

A shafa mai a roba mai faɗi, a sa kwaɓin, a rufe da leda ko tsumma mai ɗan danshi, a ajiye inda babu iska. Littattafan girkin Turawa za su ce awa ɗaya zuwa biyu, amma su da sanyinsu suke lissafi. A zafin watan Afrilu minti 40 ma na iya isa, da hunturu kuwa sai ya ci awa biyu. Don haka kwaɓin za a duba, ba agogo ba. Idan ya ninka girmansa, aka soka yatsa ramin bai rufe ba, ya tashi. Kada a tafi kallon ƙwallo a bar shi, domin kwaɓin dankali idan ya wuce lokacinsa tsami yake yi, ya kuma faɗi a wurin gashi.

A danne shi iskar ta fita, a raba biyu ko uku. A baje kowane kashi da hannu ya yi faɗi, a naɗe shi tamau kamar tabarma, a matse bakin, a kwantar a gwangwanin gashi da aka shafa wa mai, bakin yana ƙasa. Kada kwaɓin ya wuce rabin gwangwani. Wanda ba shi da gwangwanin burodi ya mulmula ƙanana kamar ƙwan agwagwa ya jera a faranti na ƙarfe, ko ya yi amfani da wankakkun gwangwanayen madara na gari. Ga mai farawa ma ƙananan sun fi, domin sun fi saurin gasuwa kuma da wuya cikinsu ya ƙi nuna. A sake rufewa minti 30 zuwa 45, har ya taso ya kusa baki.

Mai tanderun gas ko na lantarki ya kunna shi tun kwaɓin na tashi na biyu, ya sa a digiri 180. Babban burodi zai ɗauki minti 30 zuwa 40, ƙanana minti 20. Saboda sukari da madara da dankali, bayansa yana saurin yin ja tun ciki bai nuna ba, don haka idan aka ga ya yi duhu da wuri a ɗora masa takardar gashi a sama.

Mu da ba mu da tanderu kuwa, tukunya ta ishe mu, kamar yadda iyayenmu mata suke gasa kek ɗin sallah. A samu babbar tukunya mai kauri da murfin da ke rufuwa sosai. A zuba wankakken yashi busasshe a ƙasa, kaurin yatsa biyu, a ɗora 'yan duwatsu masu faɗi ko wani ƙarfe da zai ɗaga gwangwanin don kada ya zauna kan yashin kai tsaye. A rufe a ɗora a wuta minti 15 kafin a sa burodi. Don gane zafin, a barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani a sa a ciki. Idan ta yi ruwan ƙasa cikin kamar minti biyar, zafin ya yi daidai. Idan ta ƙone cikin minti ɗaya ko biyu, a rage wuta. Matsalar tukunya ita ce duk zafin daga ƙasa yake zuwa, sai gindin burodi ya ƙone samansa yana fari. Maganin shi ne a rage wutar ƙasa, a ɗebi garwashi a zuba a kan murfi. Minti 20 na farko kada a buɗe ko sau ɗaya, duk yadda ƙamshi ya kai, domin kowace buɗewa zafi take fitarwa kuma burodin na iya zaunewa. Babba a tukunya yana iya kai minti 45. Idan an fito da shi a juye a ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi ƙara kamar ganga ya nuna, in ya yi dum a mayar.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: kada a hura gawayi a cikin ɗaki a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci. A tsakar gida ko inda iska ke ratsawa ake wannan aiki. Waɗanda ke ɗakunan kwanan makaranta inda aka hana girki kuma su bari sai an yi hutu, burodi bai kai a kori mutum daga ɗaki ba.

Da an sauke a shafa masa bota a sama tun da zafi, shi ke sa ɓawon ya yi taushi irin na Amish. A cire shi daga gwangwani bayan minti goma don kada ya yi gumi, a bar shi ya huce aƙalla awa ɗaya kafin a sa wuƙa. Mun san wannan ne sharaɗin da ya fi wuyar cikawa, musamman a gidan da ke da ƙanne. Amma burodin da aka yanka da zafi cikinsa cakuɗewa yake yi, sai a zaci bai nuna ba.

Wajen ajiya akwai inda yanayinmu ya bambanta da na Fensilbeniya. Danshin da ke sa burodin laushi shi ne kuma ke jawo masa fumfuna da wuri, musamman da damina. Akwai ma wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa da jikin dankali, wadda zafin gashi ba ya gamawa da ita, idan ta samu zafi da danshi sai cikin burodi ya riƙa yauƙi yana wari kamar ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Wanda ya ga haka ya zubar, kada ya ce zai yanke gefen. Rigakafin shi ne a wanke dankali sosai kafin a fere, a gasa burodin ya nuna har ciki, a bari ya huce sarai kafin a sa a leda, sannan a lokacin zafi a ƙara babban cokali ɗaya na ruwan khal, wato binega, a cikin kwaɓin. Ba za a ji ɗanɗanonsa ba. Firij kuma ba abokin burodi ba ne, sanyinsa yana hanzarta ɗaurewar sitacin nan da muka yi bayani. In dai ba daskarar da shi za a yi ba, a bar shi a waje a inuwa.

Sai tambayar da muka san tana bakin kowa: ya fi na kanti araha? Gaskiya ba lallai ba. Yawancin alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita, shi ya sa duk lokacin da Dala ta motsa ko aka samu rikici irin na Rasha da Yukiren a 2022, sai mu ji a jikin burodi. An daɗe ana neman abin da zai rage dogaro da ita, har a zamanin Shugaba Jonathan aka yi ta tallar burodin da aka haɗa da garin rogo. Amma kada wani ya ɗauka dankali zai yi wannan aiki a kicin ɗinsa. Kusan kashi 80 cikin 100 na dankali ruwa ne, kuma a kasuwanninmu ba abincin talaka ba ne kamar yadda yake a ƙauyukan Jamus na da, sai fa lokacin da sabo ya fito daga Filato. Ga ƙwai, ga bota, ga madara, ga gawayi. Idan aka yi lissafi, kuɗin zai iya zuwa daidai da na kanti ko ya ɗan fi. Bambancin yana wurin nauyi. Yanka biyu na wannan yana riƙe ciki har azahar, abin da rabin burodin iska ba zai yi ba. Wanda aljihunsa ya yi sanyi yana iya cire ƙwai da madara ya cike gurbinsu da ruwan dankali, ya sa man gyaɗa maimakon bota, kuma burodin zai fito da laushinsa.

Masu tunanin sana'a a lokacin hutu su fara da ƙananan, su kai wa mai shayin unguwa ya gwada da masu sayensa. Kafin nan su zauna da biro da takarda su rubuta kuɗin komai, har da gawayi da leda, su raba da adadin da ya fito. Da yawa daga cikinmu mukan manta da kuɗin wuta, sai a yi ta ciniki ana murna alhali uwar kuɗi ake ci.

Abin shafawar da Amish suke ci da shi bayan ibada kuwa zai ba ku mamaki, domin gyaɗa ce. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa suke haɗawa da ruwan sukari mai kauri da wata farar alewa mai kumfa, su buga har ya yi laushi. Alewar ba ta samuwa a nan cikin sauƙi, kuma ba a buƙatarta. A soya gyaɗa sama-sama, a murje ɓawon, a kai inji a markaɗa ba ruwa. A ɗebi babban cokali huɗu a haɗa da zuma cokali biyu da ɗan gishiri, a ɗiga ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan ana bugawa har ya zama zai shafu. A yi daidai wanda za a cinye a ranar, domin da ruwa ya shiga ba ya ajiyuwa.